Wayar Na Allah Ta Rasa Rezo

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Tau! Harbi ɗaya, gilashin gaba ya tarwatse. Motar kasuwa da ta taso daga Mayahi za ta Tasawa ta yi tangal-tangal, ta kutsa cikin rairayi ta tsaya. Rana tsaka ce, gero ya yi tsawo dama da hauni, babu mai ganin abin da ke faruwa a kan hanya.

'Yan fashin su biyu ne. Na Allah, shugaban, dogo, rawani ya rufe masa fuska. Misbahu, gajere mai saurin hannu. Na ukunsu, Amani, yana can nesa da mota, shi zai faɗa musu ta waya hanyar da babu jandarma.

Direba Ishaƙu ya zame daga kujera, hannu a ciki, jini na bin yatsunsa.

"Salula! Kowa ya hiddo tashi!"

Misbahu ya tara wayoyin fasinja a kan hanya, ya bi su da gindin bindiga ɗaya bayan ɗaya. Dokar Na Allah ce: ba a barin waya da rai a baya. A kan aiki kuma, tsakanin su biyun shi kaɗai ke riƙe waya.

Na Allah ya hau saman mota, ya yanke igiya, ya fizgo jakar 'yan kasuwar dabbobi. Ya diro. Wayarsa ta sulluɓe daga aljihu, ta daki ƙarfen taya — ƙwas! — ta faɗa rairayi.

Ya ɗauka, ya hure. Gilashi lafiya, fitila na ci. Ya danna lambar Amani.

Shiru. A saman gilashin, inda sandunan rezo masu nuna ƙarfin layi suke tsayawa, babu ko ɗaya.

"Shef, mu tahi!"

"Dakata."

Ya kashe ya kunna. Babu. Ya ɗaga ta sama ya juya gabas, ya juya yamma. Babu.

"Wagga wace irin masiha ce!"

Idonsa ya sauka kan wata jaka da ta zube: ƙananan sukurdireba, burushi, matattun batura. "Ta wa ce wagga?"

Wani siririn mutum ya ɗago kai daga ƙasa. Gamaliyel ke nan, mai gyaran waya a kasuwar Tasawa. Da shi da matarsa Hanatu sun dawo daga gaishe da wani dattijon majami'arsu da ke kwance a Mayahi.

"Tawa ce, ranka shi daɗe."

"Tashi. Ka samu aiki."

Hanatu ta riƙe masa ƙafa. "Baban Altiné! Don Allah ku bar shi, ku ɗauki komi—"

Misbahu ya ture ta. Su uku da Gamaliyel suka hau moto ɗaya, babur ɗin 'yan fashin, suka faɗa cikin gonaki.

Ƙurar ba ta kwanta ba Hanatu ta miƙe. Mutum goma sha wani abu, babu waya ko ɗaya. Ta cire kallabinta ta danna wa Ishaƙu a ciki, ta ce wa wani tsoho ya riƙe, ta cire takalma ta zuba da gudu wajen ƙauyen da ke gaba.

A bakin Gulbin Kaba, ƙarƙashin wani gawo, Amani ya sake danna kira. Muryar macen nan ta kamfanin waya ta sake gaya masa da Faransanci cewa ba a samun wanda yake nema. Karo na goma sha biyu.

Ya daki sitiyari. Ya san Na Allah. Bara ya bar wani abokin aikinsu a bakin iyaka da harsashi a ƙafa, bai ko waiwaya ba.

"Kashe waya ka yi, ko? Ni za ka yi ma haka?"

Moto ta fara tari a kan wani tudu. Nauyin mutum uku cikin rairayi ya shanye esansi, babu ko ɗigon mai a tanki. Suka tura ta cikin geza.

Na Allah ya cilla wa Gamaliyel wayar. "Gyara."

Gamaliyel ya shimfiɗa rigarsa a ƙasa. Ya saka wayar a mod abiyon, yanayin jirgin sama mai yanke layi, ya cire. Babu. Ya zaro pus ɗin, ƙaramin katin layi, ya goga a gefen riga, ya duba ta a rana, ya mayar. Babu.

"Ranka shi daɗe, a ba ni wata waya in gwada pus ɗin ciki. In ta kama can, mun san laihin na waya ne."

Na Allah ya dubi Misbahu. Misbahu ya dubi ƙasa.

"Duka ka hwasa?"

"Kai ka ce, Shef."

"Ko guda ba ka rage ba? Jaki!"

"To ko lambar Amani ka riƙe a kai?" in ji Misbahu. "Mu shiga gari mu ari waya."

"Da bindiga da jaka za mu shiga gari? Rufe min baki!"

Ya juya kan Gamaliyel, ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya. "Kai kuma mi kake jira?"

"Sai na buɗe ta. In ta hwaɗi kan ƙarfe, akwai wani ɗan zare na antan, mai kamo rezo, da ke ɓallewa ciki. In shi ne, da sauƙi. In kuwa allon ciki ya tsage..."

"In ya tsage, kanka ya tsage."

Sukurori takwas ne, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Gumi na ɗiga daga hancinsa. Na biyar ya kuɓuce ya faɗa rairayi. Bai neme shi ba.

Hanatu ta tarar da wani manomi yana noman maimai, da waya rataye a wuya. Da ita ta kira jandarma. Kafin la'asar motar jandarma biyu sun fito, ɗaya wajen masu rauni, ɗaya tana bin gulbi. Ajidan Maman Sani, shugaban jandarman, shi ne ya hango mota fake ƙarƙashin gawo, da mutum a kan rufinta yana ɗaga waya sama.

"Sauko. Wa kake kira tun ɗazu?"

Amani ya dubi bindigogin. Ya dubi wayar. Kira talatin da ɗaya.

"Mon adjudant," ya ce, cike da haushi, "in na ba ku su, mi zan samu?"

"Ranka."

"Ya isa. Su ma sun sai da ni."

Da bakin allura Gamaliyel ya ɗago ɗan baƙin zaren, ya daidaita kansa a kan gurbinsa, ya danna. Ɗan ƙaramin ƙas. Ya haɗa, ya kunna. Su uku suka zuba wa gilashin ido.

Sanda ɗaya. Biyu.

Wayar ta ɗau ruri tun tana hannunsa. Na Allah ya fizge ta.

"Amani! Kana ina, ɗan banza?"

"Ni za ka tambaya?" in ji Amani, Ajidan na tsaye a kansa, kunne kusa da wayar. "Ina gawo, wurin jiya. Hanya hwes take. Ku zo."

Gamaliyel ya fara tattara kayansa. "Ranka shi daɗe, aiki ya ƙare. In tahi?"

"Ka ga huskata. Gaba za ka shiga."

Da ƙafa suka gangara gulbi, Gamaliyel a gaba, jaka a kansa. Motar na nan. Amani na zaune a ciki, bai fito ba, bai ɗaga hannu ba.

Misbahu ya ja ya tsaya. "Shef, wanga shirun—"

"Halte! Ku aje makamai!"

Misbahu ya juya ya buɗe wuta. Ta-ta-ta! Bindigogin jandarma suka amsa daga cikin gero ta ɓangare uku. Ya yi taku biyu, ya kife. Na Allah ya shaƙo wuyan Gamaliyel ya kare kansa da shi, yana ja da baya, yana harbi ta gefen kunnensa. Gamaliyel ya kai hannu ya kama bakin bindigar — tau! Gamaliyel ya zube yana ihu. Harsashi na gaba ya sami Na Allah a cinya.

A bayan motar jandarma aka haɗa Na Allah da Amani, ankwa ɗaya, gawar Misbahu a ƙafafunsu.

"Don mi?" in ji Na Allah.

"Kai ka hwara. Ka kashe waya don ka gudu da kaya."

Na Allah ya juyo gare shi.

"Hwaɗuwa ta yi, Amani. Kan ƙarfen taya."

Amani ya sunkuyar da kai. Har suka shiga Mayahi bai sake ɗago kai ba.

A asibiti Hanatu ta tarar da mijinta, tafin ƙafarta duk ƙaya. An naɗe masa hannun dama. Babban yatsa da manuni sun tafi, su ne yake riƙe sukurdireba da su shekara goma sha huɗu.

"Maman Altiné," ya ce, "direban hwa?"

Ta zauna a bakin gadon, ta gyara masa zanen rufa.

"Ya jira, Baban Altiné. Tsohon da ya riƙe mishi ciki ya ce ya yi ta tambaya ko an samu kiran likita. Da motar ta iso, an riga an rufe mishi huska."