Jan Biro a Kan Hasumiya

"Wa ya taɓa min takardata?"

Auta ce tsaye a ƙofar kicin, takarda a hannu. Mijinta, wanda kowa ke kira Likita saboda aikin haƙori da yake yi, bai ɗago daga kofin shayinsa ba.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Kai ne? Hasumiya fa ka soke! Da ganuwa! Da ma'ajiyar ruwan nan ta ƙarƙashin ƙasa... kuma da jan biro, Likita!"

"Baƙin ne ya ƙare."

"Wallahi ba wasa nake yi ba!"

Shekara huɗu ke nan Auta tana buga wani gem, wato wasan bidiyo, da aka tsara shi a cikin wani tsohon birni na ƙasar waje. Ta san birnin nan fiye da unguwar da aka haife ta. Ta san lungun da ke ɓullewa kasuwar masu turare, ta san rufin da ake dirowa daga kansa a faɗa bakin teku. Ranar da Likita ya ce ya samu hutun mako guda kuma can za su je, sai da ta yi tsalle ta ƙume gwiwarta da tebur.

Cewa ya yi, "Ke za ki zaɓi wuraren. Ni ɗan dako ne kawai."

Mako uku ta yi tana zaɓe, tana sokewa, tana sake rubutawa, har ta tsaya a kan wurare tara. Yau ga uku an ja musu layi.

"Matakala ɗari huɗu ce a hasumiyar nan, Kwamanda," in ji shi a hankali. Haka yake kiranta idan yana neman sulhu.

"To sai me? Na hau ta ya fi sau dubu!"

"Da babban yatsanki."

Ta so ta yi dariya, amma ta danne. Hawaye ne ma suka cika mata ido.

"Idan ka gaji da shirmena ka faɗa min kawai. Na san kowa kallon mai wasan yara yake min, amma ban zaci har da kai ba..."

Sai a lokacin ya ajiye kofin. Ya shiga ɗaki, ya fito da wata ambulan, ya miƙa mata. Ta buɗe. Fasfo ne sabo fil. Ta ɗaga bangon, sai ga fuskar mahaifinta, da farin gemunsa da bakin nan da ya ɗan karkace tun ciwon da ya yi.

Ta zauna a kujera.

Baba tsohon malamin tarihi ne. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye, ya koma kan keken marasa lafiya a gidan Yaya, babban wanta. A watannin farko ko magana ba ya son yi. Auta ce ta kwashi na'urar gem ɗinta ta kai ɗakinsa, don dai ta ɗebe masa kewa. Rana ta uku tana cikin gudu a kan ganuwa sai ta ji muryarsa, a sarƙe amma da ƙarfi: "Ƙarya suke yi! Ba a gina ƙofar nan ba sai bayan shekara ɗari!" Daga ranar bakinsa ya buɗe. Kowace Asabar tana can, ita tana bugawa, shi yana gyara wa masu gem kuskurensu.

"Na tambayi likitansa, ya ce zai iya tafiya," Likita ya ce. "Na rubuta wa wuraren nan ɗaya bayan ɗaya. Shida keke zai shiga, uku ba hanya. Yaya ne ya taimaka min da fasfo. Na so in bari sai an gama komai..."

Auta ta kifa kai a kan tebur ta fashe da kuka.

"Subhanallahi! Zuciyata, idan ba ki so..."

"Ba haka ba ne!" Ta ɗago, fuska jage-jage. "Mako uku ina rubuta takardar nan, ko sau ɗaya Baba bai faɗo min a rai ba. Ni da ya haifa! Kai da kake suruki kai ka tuna..."

Ya durƙusa a gabanta, ya riƙe hannayenta biyu.

"Ke kika koya min. Duk Asabar ina zaune a bayanku ina kallo. Idan kina zagaya birnin nan a allo, Baba ba kallonsa yake kamar gem ba, leƙe yake yi kamar mai neman ƙofar shiga."

Da yamma suka je gidan Yaya. Suka tarar da Baba a baranda, tabarau a kan hanci, jarida a cinya. Likita ya durƙusa ya gaishe shi, Auta kuwa ta zauna a ƙasa ta jingina da keken, ta zayyana masa komai.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya naɗe jaridar da hannunsa mai lafiya.

"Wato hoton da yayanki ya kai ni aka ɗauka, ya ce na katin asibiti ne... Allah Ya yi muku albarka. Amma ba za ni ba."

"Baba!"

"Auta, mata da miji za su fita shan iska, sai a ɗora musu tsoho da keke? A ɗaga ni, a sauke ni, a kai ni bayi? Ina da kunya ko da ba ni da ƙafa."

"Baba, ni na roƙa," in ji Likita, kansa a ƙasa. "Ba nauyi ba ne a wurina."

"Na sani, ɗana. Shi ya sa ma."

Auta ta san halin mahaifinta, roƙo ba ya juya shi. Sai ta share ido, ta ciro takardar daga jaka ta shimfiɗa a cinyarsa.

"Shi ke nan. Duba mana dai ko tsarin ya yi. Ranar farko fadar sarakuna, tunda ita ce mafi tsufa a birnin..."

"Wa ya ce miki?"

"A gem haka yake."

"Gem ɗin banza! Tsohuwar makarantar da ke bayan kasuwa ta girme ta nesa ba kusa ba. Ina take a nan?" Ya bi takardar da yatsa. "Babu? Za ku tsallaka teku ku dawo ba ku ga makarantar nan ba?"

"Ba ta cikin gem, Baba. Ban san hanya ba."

"Ai shi ke nan, an tura makafi biyu!" Ya miƙa hannu. "Ba ni biro."

Likita ya zaro jan biron daga aljihu da sauri. Baba ya rubuta, ya soke, ya ja kibiya, yana faɗa yana ƙarawa. Can ya tsaya, ya dube su ta saman tabarau. Su biyun sun ƙunshe baki.

"'Ya'yan nan... kun yi min tarko ko?"

"Mu?" in ji Auta.

Ya daɗe yana kallon takardar. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Kujerar taga nake so a jirgin."

Bayan wata guda, da hantsi, suka shiga lungun da ke bayan kasuwar. A karo na farko Auta ta zama baƙuwa a birnin da take taƙama da shi. Likita na tura keke a kan duwatsun daɓe, gumi na bin wuyansa, Baba na gaba yana ba da umarni.

"Hagu! Na ce hagu, ɗana, ko haƙori kawai ka sani?"

Suka ɓulla wani fili mai rijiya a tsakiya, ga ginshiƙai a jere, ga rubutun da aka sassaƙa a jikin bango duk ya sha iska. Baba ya ƙura wa bangon ido.

"Ku tsayar da ni."

"Baba, ƙafarka..."

"Ku tsayar da ni, na ce."

Auta ta shiga ta dama, Likita ta hagu, suka ɗaga shi a hankali. Jikinsa na karkarwa ya miƙa tafin hannu ya dafa bangon, ya shafa, ya sake shafawa. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Shekara talatin ina gaya wa ɗalibai dutsen nan fari ne," ya ce. "Ashe ja-ja ne. Allah Ka yafe min, na yi wa 'ya'yan mutane ƙarya."

Dariya da kuka suka haɗe wa Auta. Ta leƙa ta bayan kafaɗar mahaifinta, ta sami idon mijinta, ta yi ƙasa da murya.

"Likita... ina sonka. Wallahi ina sonka."

"Ni ma, Kwamanda. Fiye da..."

"Ina jin ku fa," in ji Baba, bai ɗauke hannu daga bangon ba. "Ƙafa ce ta mutu, ba kunne ba. Ku riƙe ni da kyau, ban gama ba."