Nonon da Inna Ta Ba Hammawa

"Ke kawai nake jira ki ce to, Rabi'atu. Ranar Laraba akwai motar Kaduna daga Karaye... a can wa ya san mu?"

Hammawa ne ke maganar, malamin firamare daga Zoza, wanda saura wata biyu a ɗaura mana aure. Muna tsaye a ƙofar gidanmu a Yammedi bayan la'asar, idanunsa sun yi jawur.

"Allah ya san mu," na ce a hankali.

"Haba masoyiyata. Shekara biyu fa..."

Na sunkuyar da kai. Ni ma ban manta da shekara biyun ba.

Sati uku kafin nan mahaifiyarsa, Gwaggo Baraka, ta zo gaida Innata a karon farko. Suna haɗa ido suka yi tsit. Ashe sun san juna. A shekarar babban fari, su Gwaggo sun yada zango da shanunsu a bayan garinmu, ciwo ya kwantar da ita, nononta ya ƙafe, ga jariri yana ta tsala kuka. Lokacin Inna na goyon Yaya Muntaka, sai ta karɓi jaririn ta haɗa su. Kwana arba'in tana shayar da shi. Da Gwaggo ta warke suka tashi, ba su ƙara haɗuwa ba sai ranar nan.

Gwaggo ta riƙe hannun Inna tana kuka.

"Tani, mu biyu muka san wannan magana. Mu bar ta a cikinmu, kada mu kashe yaran nan da ransu."

Inna ta amsa mata. Amma tun daga ranar abinci ya daina shiga bakinta. Ta rame, in ta idar da salla sai ta daɗe a kan tabarma tana share hawaye. A kwana na goma sha biyu ta kira ni da Yaya Muntaka, don shi ne a madadin Baba tun rasuwarsa.

"Na yi shiru don ina tausayinki," ta ce, "amma na kasa tsayawa gaban Ubangijina da wannan shirun. Ki yafe mini, 'yata."

Da Hammawa ya ji, cewa ya yi ai da Muntaka ya sha, ba da ni ba, lokacin ko cikina ba a yi ba. Ni ma na kama wannan maganar da hannu biyu. Muka tafi wurin Malam Ilu, wanda ya koya mini karatu tun ina ƙarama.

Malam bai yi gardama da kowa ba. Ya buɗe Alkur'ani ya miƙo mini.

"Karanta da bakinki, Rabi'atu."

Na karanta ayar da ta jero matan da aka haramta wa namiji ya aura. Da na iso kan 'yan'uwan shayarwa, sai na tsaya. Na san ayar tun da daɗewa, ban taɓa zaton da ni take ba.

Malam ya dubi Hammawa da tausayi.

"Ɗana, ba a duba wanda kuka sha tare. Wadda ta shayar da kai uwarka ce, duk abin da ta haifa ɗan'uwanka ne."

Shi ne yau Hammawa ya dawo mini da maganar Kaduna.

"In mun je can, Hammawa, 'ya'yan da za mu haifa me za mu ce musu?"

Ya kawar da kai gefe.

"Wallahi ina sonka, ban kuma san ranar da zan daina ba. Amma nonon nan shi ya raya ka. Da Inna ba ta ba ka ba, da babu kai balle in so ka. Ba zan karɓi rahamar Allah ta farko in ƙi hukuncinsa na biyu ba."

"Shi ke nan kin zaɓa?"

"An zaɓa mana tun kafin a haife ni."

Ya hau kekensa bai waiwayo ba. Na shiga ɗaki na kifa kaina a cinyar Inna, na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba.

Wata bakwai ban ji ɗuriyarsa ba. Aka ce ya nemi canjin makaranta zuwa Falgore. Na yi jinya, na tashi, na koma islamiyya. Wata rana in ji sauƙi, wata rana in kasa haɗiye ko ruwa.

Bayan an gama girbin dawa, wata Juma'a da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallama. Muryarsa ce. Yaya Muntaka ne riƙe da hannunsa, ya shigo da shi har ciki.

Hammawa ya durƙusa gaban Inna, ya daɗe bai ɗago ba.

"Inna, na zo in gode miki. Kin rayar da ni ina jariri, kin kuma hana ni halaka ina babba."

Inna ta dafa kansa tana sa masa albarka.

Sannan ya juyo gare ni. Sau biyu yana buɗe baki yana fasawa.

"Ƙanwata... ina kwana?"

Na ajiye rariyar, na durƙusa kamar yadda nake yi wa Yaya Muntaka, hawaye na ɗiga a kan garin.

"Lafiya lau, Yaya. Sannu da zuwa gida."