Ruwan Zafi a Kwarin Tajaye

Ranar da na fara ganin Muttaka, ƙafafunsa kawai na gani. Motar da ta ɗauko mu daga Konni ta lalace a Tsarnawa, aka kira makanike, ya zo ya shige ƙarƙashinta. Ni kuwa na samu inuwa na buɗe littafina. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Sauran karatun da kaina na koya, daga littattafan da ake shimfiɗawa a ƙasa bakin tasha. Da ya fito, fuska duk baƙin mai, sai ya tambaye ni abin da littafin yake cewa. Na ba shi labarin har inda na tsaya.

"To, sun yi auren ko ba su yi ba?"

"Ban kai nan ba tukuna."

Bayan kwana takwas sai ga shi a ƙofar gidanmu a Malbaza, ya sha wanka, wai ya zo jin ƙarshen labari. Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura mana aure.

Yana da wata mota ja, 'yar tsere, mai kujera biyu kacal, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. A mace ya same ta bakin iyaka, ya yi shekara biyu yana tada ta. Mutanen gari suna masa dariya, wai ko buhun gero ɗaya ba za ta ɗauka ba. Shi kuwa ya ce sai na iya tuƙa ta. Duk yamma idan ya rufe garaji mukan fita bayan gari, ni a sitiyari, shi a gefe. Saboda yawan faɗansa na sa masa suna Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci.

Faɗan nasa duk a kan kuloci ne.

"Latifa, ɗauke ƙahwar ga. In kin sa giya, ki aje ƙahwa ƙasa. Ba matashin kai ba ne."

"Ai ban taka ba, Mushe. Ɗorawa kawai na yi."

"Ɗorawar ce ke cin shi. Farantin da ke ciki daga Kwatano na samo shi, guda ɗaya tak. In ya ƙone, ki ja mu da igiya."

Ya ce in daina kallon ƙafata, in saurari inji. Idan ina sakin kuloci a hankali, akwai wurin da muryar motar take sauka, ta yi nauyi, hancinta ya ɗan ɗaga. A nan ake ba ta totur kaɗan, a saki kulocin gaba ɗaya. Na ji bayanin, amma ƙafata ba ta ji ba. Ko dai in sake da ƙarfi mota ta yi tsalle ta mutu, ko in riƙe rabi ina jan ta tana gurnani.

A ƙarshen damina, wata Laraba bayan la'asar, muka tashi kai wa mahaifiyarsa maganin ciwon gwiwa a Tajaye. Ya ce mu bi hanyar daji, ba motoci, in samu in saki jiki. Gero ya fi mutum tsawo dama da hagu. Iska tana kawo ƙanshin ɗanyen kara da kashin shanu. Na sa giya ta uku karon farko ban yi kuskure ba, har ya tafa mini.

Sai muka zo wani kwari kusa da Tajaye. Hanyar ta gangara cikin rairayi, ta bi ta gindin wata tsohuwar tsamiya, sannan ta hau tudu a wancan gefen. Da na ga rairayi na tsorata, ƙafata ta koma kan kuloci. Na riƙe shi rabi, ina danna totur. Mota ta yi ta ihu ba ta tafiya. Tayoyin baya suka nutse daidai ƙarƙashin tsamiyar.

Wari ya tashi, mai ɗaci, kamar an jefa takalmin roba a wuta.

Muttaka bai yi faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya kashe inji, ya ce, "A bar ta ta huce. Bari in saro sabara mu shimfiɗa wa taya." Ya ɗauki adda ya hau tudu, gero ya haɗiye shi.

Na zauna ni kaɗai. Inji yana ƙas, ƙas, yana hucewa. Warin bai ragu ba. Na ga kamar wani siririn hayaƙi yana fita daga ƙasan motar, zuciyata ta ce wuta ce za ta kama. Shekara biyu na wahalarsa. Na fito da sauri, na ɗaga murfin inji, na ɗauko jarkar ruwan da muke tafe da ita, na tuttula duka a kan ƙarfen.

Tun ina yarinya kakata take hana mu zubar da ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, balle da almuru, balle a gindin tsamiya, don akwai masu zama a wurin da ba ma gani. Na san wannan kamar sunana. Ko tuna shi ban yi ba.

Ƙarfe ya yi cuuu. Tururi ya buge ni a fuska. Ruwan ya zuba ƙasa yana tafasa.

Sai na ji kukan jariri.

Sau ɗaya, gajere, daga ƙarƙashin motar. Na durƙusa na leƙa. Ba komai sai jiƙaƙƙen rairayi yana tururi.

Da na miƙe, na lura gyare sun yi shiru. Tsuntsayen da ke kan tsamiya ma haka. Ganyen gero ko motsi.

Muttaka ya dawo da rungumen sabara. Ya kalli murfin inji a buɗe, ya kalli jarka a hannuna, ya kalli ƙasa. Ya kalli tsamiya. Ya rufe murfin, ya durƙusa yana tura rassa ƙarƙashin tayoyi da sauri, irin saurin da ban taɓa ganin ya yi ba. Leɓensa yana motsi.

"Sannunku da hanya."

Muryar daga bayanmu ta fito. Wata mata ce, gajera, da baƙin zane, tsaye a tsakiyar rairayin. Ba mu ji tahowarta ba, kuma babu sawu a bayanta. Ta rungume wani abu a ƙirji cikin tsumma. Tsumman yana tururi. Wani wari ya zo, na gashin da ya babbake.

"Yawwa, Inna, sannu," in ji Muttaka.

"Wa ya zuba ruwan zahi bisa ɗiyata?"

A hankali ta yi tambayar, kamar mai tambayar hanya. Ni take kallo. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Harshena ya yi nauyi kamar dutse.

"Ni ne, Inna," in ji Muttaka. Ya shiga tsakanina da ita. "Ban sani ba. A yi haƙuri."

"Kai ne?"

"Ni ne."

Ta leƙo ta gefen kafaɗarsa, ta ƙara kallona. Ta jira. Ta daɗe tana jira.

Ban ce komai ba.

"To," in ji ta.

Muttaka ya yi wata ƙara, ya dafe ƙafarsa ta hagu, ya faɗi a jikin mota. Na yar da jarka, na ja shi, na tura shi kujerar gefe. Wandonsa ya jiƙe daga gwiwa zuwa idon sawu, da zafi har ya ƙona mini hannu.

"Tuƙa," ya ce. "Kar ki dube ta."

Na shiga. Na taka kuloci, na murɗa makulli. Na sa giya ta ɗaya. Na saki kulocin.

Mota ta yi tsalle ta mutu.

Shiru. A cikin shirun na ji numfashi, ƙarami, mai gurnani, irin na jaririn da kuka ya gajiyar. Kusa da tagata.

Na sake tayarwa. Bayan motar ya nutsa ƙasa, kamar wani ya zauna a kai. Ƙarfe ya yi ƙara. Ƙafata ta dama tana son danna totur har ƙasa.

"A'a," Muttaka ya raɗa, haƙoransa a cije. "In kin ƙone kuloci, nan za mu kwana. Ja birkin hannu. Saurari muryar inji."

Na ja. Na fara Ayatul Kursiyyu, na rufe ido, ina ɗaga ƙafa kaɗan kaɗan.

Wani abu ya fara shafa gilashin baya. A hankali. Da farce.

Kaɗan. Kaɗan.

Muryar inji ta sauka. Hancin mota ya ɗaga.

"Yanzu."

Na sauke birki, na ba ta totur, na ɗauke ƙafata gaba ɗaya na ajiye a ƙasa. Sabara ta kakkarye a ƙarƙashinmu. Mota ta ja jiki ta kama tudu, tana nishi kamar an ɗaura mata amalanke. A rabin hawa ta fara rage gudu. Na ji sha'awar taka kuloci kamar ƙishirwa. Ban taka ba.

Na kalli madubi. Bai kamata ba.

Tana zaune a bayan motar, ta juya mana baya, tana jijjiga abin da ke hannunta.

Muka kai saman tudu. Daga nesa, ta kan gero, lasifikar masallacin Tajaye ta ɗauki kiran sallar magariba. Bayan motar ya tashi sama lokaci ɗaya, har muka yi gaba da gudu. Na sa giya ta biyu, na sa ta uku. Ban tsaya ba sai ƙofar gidan surukata.

A asibitin Illela suka ce ƙunar ruwan zafi ce, suka tambaye shi yadda aka yi. Ya ce a garaji ne. Wata huɗu ke nan. Ciwon yakan bushe, ya yi ɓawo, mu fara murna, sai ranar Laraba da almuru ya kumbura ya fashe sabo. Ƙafar ba ta iya taka komai. Ni nake kai shi wankin ciwo sau biyu a mako, a jar motar. Ban ƙara kashe ta a hanya ba. Kulocin yana nan lafiya, shi da kansa ya ce.

Bai taɓa tada maganar jarkar ba. Ko sau ɗaya.

Shekaranjiya wani dattijo, Malam Dauda, ya zo daga Konni ya yi masa addu'a. Ya daɗe yana karatu, hannunsa a kan gwiwar. Da zai tafi na raka shi zaure. Yana sa takalmi, bai dube ni ba, ya ce, "Ɗiyata, abin ga ba shi yake nema ba. Amsa yake jira, kuma ba a ba shi ta gaskiya ba."

Yau da hantsi na zauna ina canza masa bandeji a tsakar gida. Yana ta ba'a, wai ƙafar ta samu hutun da bai taɓa ba ta ba. Na naɗe, na ɗaure, na riƙe ƙafar a cinyata ban sake ba.

"Mushe."

"Na'am, direba."

"Ka san ni na zuba ruwan nan."

Ya ɗauke kai yana kallon kaji.

"Na sani. An wuce wurin, Latifa."

"Ba a wuce ba. Ta tambaya, ta jira ni, na bar ka ka amsa."

"To mi kike so ki yi? Ki bari. Ƙahwa ɗaya ce, ina da wata."

Ya kama hannuna, ya riƙe da ƙarfi. Wata huɗu ina faɗin maganar a zuciyata, a kan sallaya, a kan hanyar Illela, ban taɓa bari ta fito ba. Na dube shi sosai.

"Laraba mai zuwa zan koma kwarin, ni kaɗai, da alwalata. Zan tsaya gindin tsamiyar in yi sallama, in ce mata ni ce, in roƙe ta gafara. Abin da Allah ya rubuto mini a wurin, na ɗauka. Na yi maka alkawari, kuma ko ka ɓoye makulli, da ƙafa zan tafi."