Sharaɗin Tsoho Mai Tufka

A can wani zamani an yi wani tsoho gwanin tufkar igiyar rama. Kyauta yake koya wa kowa, amma da sharaɗi biyu: "Wanda ya nema, ka koya masa. In ka sauya wani abu, ka ce kai ka sauya."

Wani manomi mai suna Jatau ya koya. Da ramarsa ta yi kaɗan, sai ya haɗa da kaba ya tufka igiya, ya ɗaura wa gugan rijiyar gari, bai gaya wa kowa ba. Kwana uku igiya ta tsinke, guga ya faɗa rijiya, mutane suka wuni da ƙishirwa.

Suka taru a ƙofar tsoho suna ta faɗa: "Ashe tufkarka ta banza ce!"

Jatau yana can baya. Can dai ya matso ya ce, "Baba ba shi da laifi. Ni na sauya."

Tsoho ya murza guntun igiyar, ya ce, "Dabararka ta yi, ɗana, kabar ce ba ka jiƙa ba. Zauna ka koya mini."