Mai Haƙori da Alƙaliyar Dainoso

Ranar da suka fara haɗuwa, maganar farko da ta fito daga bakinta gyara ce.

Baje kolin masu sana'ar hannu ake yi a harabar wani tsohon ɗakin taro, teburi na bin teburi, ga masu saƙa, ga masu tukwane, ga masu jakunkuna. Auta ta zagaya sau biyu ita kaɗai kamar yadda ta saba zuwa ko'ina. Har ta kama hanyar fita sai idonta ya faɗa kan wani ɗan teburi a lungu kusa da famfo. 'Yan mutum-mutumin dainoso ne a jere, su takwas, waɗannan manyan dabbobin da suka shuɗe tun kafin ɗan Adam ya taka ƙasa. Ba kowa a gaban teburin. Mai kayan na zaune a baya, ya sunkuyar da kai yana kankare wani abu da ɗan ƙarfe.

Ta ɗauki babban cikinsu, mai ƙaton kai da guntayen hannaye, ta juya shi, ta leƙa bakinsa.

"Yatsu uku ka yi masa," in ji ta. "Biyu gare shi. Kuma tafukan hannunsa ba ƙasa suke kallo ba, juna suke kallo, kamar mai shirin tafi."

Ya ɗago. Dogo ne siriri, hannun rigarsa duk farin gari. Ta yi tsammanin zai haɗe rai kamar yadda sauran suke yi, sai ta ga ya zaro biro yana roƙonta ta maimaita. Da bai sami takarda ba, a bayan hannunsa ya rubuta. Ta ƙara masa da cewa wutsiyar ba jan ƙasa take yi ba, a miƙe take a sama. Ya rubuta wannan ma. Sai da ta zo ajiyewa ta ce, ba tare da ta dube shi ba, haƙoran dai ba ta taɓa ganin masu kyansu ba.

Ya yi dariya ya ce ai dole, sana'arsa ke nan. Haƙoran roba yake haɗa wa mutane a bayan wani asibitin haƙori, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Haƙori yake ce masa. Dainoso kuwa a gida yake yin su da waya da laka, don ba shi da wanda zai yi wa hira in ya tashi daga aiki.

Ta sayi mai yatsu ukun. Ya nemi lambarta, wai don ya riƙa tambayarta kafin ya sake yin abin kunya.

Auta ilimin duwatsu ta karanta. Aikinta kula da ɗakin ajiyar samfura a wata kwaleji, dogon ɗaki mai durowa ɗari biyu da fanka ɗaya mai kuka. Wani lokaci a yi kwana uku ba wanda ya turo ƙofar. A gida ma haka. Tun da mahaifiyarsu ta rasu, yayyenta suka yi aure suka watse, sai ita da Baba, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya. Su ci abinci teburi ɗaya, ba ka jin komai sai ƙarar cokali da rediyonsa.

A ɗakinta akwai kabad mai gilashi, cikinsa dainoso arba'in da ɗaya, duk aikin hannu, na itace da na laka da na takarda. Kowanne da ɗan kati a gabansa: sunansa na kimiyya, kurakuransa, da makin da ta ba shi cikin goma. Ba wanda ya taɓa wuce bakwai. Yayyenta in sun zo sai su leƙa su ce Auta da 'ya'yanta. Takan yi murmushi, amma in sun tafi ta daɗe a zaune bakin gado tana kallon kabad ɗin.

Kwana biyu bayan baje kolin saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe Alƙaliya. Mai dogon wuyan nan da ke cin ganye, nawa ne rabonsa na farce a ƙafar gaba? Kada in yi masa biyar ki ɗaure ni."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa. "Ɗaya tak, a babban yatsa. Kuma ni ba na ɗauri, maki nake ragewa."

"To a rage a hankali, maraya ne ni."

Daga nan hira ta buɗe. Yana aiko mata hoton ƙashin waya kafin ya ɗora laka, tana zana masa jan layi inda ya kauce. Ya koyi cewa masu fiffiken fata da ke tashi sama ba dainoso ba ne, 'yan uwa ne kawai, kuma kajin da ke yawo a bayan gida jikokin dainoso ne. Wannan ta sa ya yi kwana biyu yana gaishe da zakaran maƙwabcinsa da girmamawa, in ji shi. Ita kuma ta koyi yin dariya ita kaɗai a ɗakin durowa har fankar ta daina damunta. A wata na huɗu ta daina ce masa Mai Haƙori, ta koma Gwanina. A wata na biyar ya ce yana so ya zo ya gaishe da Baba.

Baba ya karɓe shi a falo, ya amsa gaisuwa, ya tambayi iyayensa. Ya ce sun rasu, kawunsa ne ya riƙe shi. Bayan ya tafi Baba ya rage rediyo ya ce, ƙato da gemunsa yana wasa da laka, wannan ne zai riƙe gida? Auta ta ce yana da sana'arsa. Baba ya ce shi dai bai gamsu ba, ya mayar da rediyonsa yadda yake.

Maganar ta kai kunnen Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta daɗe tana cewa Auta za ta tsufa cikin ƙadangaru. Ba ta ɓata lokaci ba ta kawo nata ɗan takarar, wani mai kemis uku a gari, mai mota da turare mai isa wuri kafin mai shi. Gwaggo ta tsegunta masa abin da Auta take so. Ranar Asabar da la'asar sai ga shi da ƙaton kwali. Aka buɗe, wani koren dodon roba ne na kamfani, mai fiffike da ƙahoni, in an danna cikinsa jan wuta ya kama a bakinsa. Bai ko kama hanyar dainoso ba. Auta ta ce ta gode, don ba ta ga abin da za ta ƙara ba.

Ana cikin haka Mai Haƙori ya yi sallama. Bai san da baƙo ba. Riƙe yake da ɗan akwati, a ciki aikin da ya yi wata uku yana yi mata a ɓoye: ɗan ƙaramin dainoso mafarauci mai gashin tsuntsu, kowane gashi da hannu ya yanka shi ya manna. Ya ji godiyar da ta yi wa mai kemis tun daga ƙofa. Ya durƙusa ya gaida Baba da Gwaggo, ya miƙa wa Auta akwatin.

Ta buɗe. Ba ta taɓa riƙe abu mai kyau haka ba. Amma idon Gwaggo na kanta, mai kemis na murmushi, Baba na kallon bango. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa kanta, sai bakinta ya koma ga abin da ya iya.

"Dogayen gashin fiffiken daga yatsa na biyu suke fitowa. Kai ka sa su a wuyan hannu."

Gwaggo ta yi 'yar dariya. Mai Haƙori ya karɓi akwatin a hankali ya rufe, ya ce zai gyara, ya yi musu sallama.

Ta aika masa saƙo kafin a kira magariba. "Gwanina, ba abin da nake nufi ke nan ba."

Amsar ba ta zo ba sai washegari. "Kin yi gaskiya, a wuyan hannu na sa su. Na ga kuma an kawo miki wanda ba ki sami kuskure a jikinsa ba. Allah ya sanya alheri."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta dogon bayani ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Ita da ta iya bayanin ƙashin dabbar da ta mutu shekaru miliyan saba'in, ta kasa haɗa jimla uku a kan zuciyarta. Mai kemis dai ta sallame shi cikin ladabi, Gwaggo ta yi fushi ta daina zuwa. Gidan ya ƙara yin shiru. A wurin aiki takan jawo durowa ta tsaya ta manta abin da take nema. Wayarta na kan teburi tun safe har yamma, ba ta motsi sai kamfanin waya ya aiko talla. Kabad ɗin ma ta daina buɗewa, ƙura ta kwanta a kan katunan.

A mako na huɗu haƙoran robar Baba suka suɓuce masa a wurin wanke baki, suka rabu biyu. Ya kwana biyu bai fita ba, in zai yi magana sai ya kare baki da hannu, abinci sai mai ruwa-ruwa. Asibitin da ya fi kusa da su shi ne wanda Mai Haƙori ke aiki. Auta ta raka shi har bakin ƙofa, ta zauna a benci a waje, ta kasa shiga.

Sau uku Baba ya koma, biyun ƙarshe shi kaɗai, kuma kowane zuwa sai ya fi na baya daɗewa. Ranar da ya dawo da sababbin haƙora bai kunna rediyo ba. Ya kira ta falo ya ce ta zauna.

Ya ba ta labarin ɗakin aikin: ɗan ƙarami, taga ɗaya, bakunan mutane na farin siminti jere a kan katako kowanne da lamba. Ya ce yaron ya gwada masa haƙoran sau shida, yana cirewa yana gogewa, bai ko ƙosa ba, bai kuma ambaci sunanta ba ko sau ɗaya. Shi kaɗai yake cin abincin rana, a tsaye, yana fuskantar bango. A kan tagar kuma akwai wani ɗan tsuntsu mai haƙora da aka cire wa fiffike ɗaya.

Baba ya murza hularsa a gwiwa.

"Auta, ba lakarsa ce ta dame ni ba. Ko wa ya zo sai na nemo masa aibu. In kin tafi, wa zan ji motsinsa a gidan nan?"

Ba ta taɓa jin Baba ya yi magana irin wannan ba. Ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, hawaye na zuba.

"Na ga yadda yake cin abinci," in ji Baba, "sai na ga kaina. Na dube ki, ke ma haka. Mutum uku kowa na kallon bangonsa, ni ne kuma na jawo. Tashi ki je."

Ta sami Mai Haƙori a ɗakin aikinsa, a sunkuye a kan injin gogewa. Da ya gan ta ya kashe injin, ya miƙe, ya rasa inda zai ajiye hannayensa.

Ta ce ta zo ɗaukaka ƙara ne a kan hukuncin da ta yanke. Ya ce ai hukuncin daidai ne. Ta ce daidai ne, amma rabinsa ta faɗa.

"Wanda ban damu da shi ba, na gode kawai nake ce masa, Gwanina. Sai abin da ya shiga raina nake dubawa har yatsa. Ban iya faɗin so ta wata hanya ba, ba wanda ya koya mini. Ranar nan da na buɗe akwatin, kuka ne ya taso mini, shi na danne da maganar gashi."

Ya goge hannayensa. Sannan ya ɗauko ɗan mafaraucin daga taga, ya ce ya cire fiffiken tun ranar, amma duk lokacin da ya zauna zai mayar sai ya tuna ba wanda zai aika wa hoto ya ja masa jan layi.

"To ga ni," ta ce. "Kawo."

Ta riƙe masa fiffiken, shi yana manna gashin ɗaya bayan ɗaya a yatsa na biyu. Fiffiken ya ɗan karkace a hannunta, ya ce Alƙaliya a tsaya da kyau, kada a ce laifinsa ne.

Bayan mako biyu kawunsa ya zo wurin Baba. Gwaggo ta yi ta cika tana batsewa, amma da rana ta matso ita ce a gaba wajen shirye-shirye, tana gaya wa kowa dama tun farko ta ga hankalin yaron. Aka ɗaura aure wata safiya cikin 'yan uwa da abokan aiki, ba wani taro mai yawa.

Bayan mutane sun ragu, ango ya durƙusa gaban Baba ya ce yana da roƙo. Gidan da ya kama yana da ɗaki a ƙasa mai ƙofa zuwa tsakar gida, an share an sa gado, na Baba ne. Baba ya ce shi ba zai tare a gidan suruki ba, mutane su yi da shi. Ango ya ce shi tun yana shekara tara bai sake samun wanda zai kira Baba ba, ba suruki yake nema ba.

Baba ya juya kai gefe ya daɗe yana gyaran murya. Can ya ce to zai zo ya duba ɗakin, dubawa kawai. Yayyen Auta suka kwashe da dariya, don sun ga ya riga ya aika a ɗauko masa jakarsa.

Baba ya kamo hannun Auta ya ɗora a kan na mijinta, ya rufe su da nasa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya cika gidanku da hayaniya, har ku riƙa neman inda za ku ɓuya. Kada ɗayanku ya sake cin abinci shi kaɗai."

Duk ɗakin aka amsa da amin, muryar Gwaggo ta fi ta kowa.