Kitse a Hantar Amarya

"Ban gane ba Likita... kitse kuma? A hantata?"

Khairiyya ta ja takunkumin fuskarta ƙasa, kamar shi ne ya hana ta jin maganar da kyau. Likitan ya juyo mata da hoton cikinta, ya nuna da biro.

"Jininki ya dace da na mijinki. Amma kusan kashi talatin cikin ɗari na hantarki kitse ne. In muka yanki rabi muka dasa masa, ba lallai ta yi masa aiki ba, ragowar kuma ba lallai ta riƙe ki ba. Ba za mu kashe mai lafiya don ceton marar lafiya ba."

Ta dubi mijinta Suraj. Idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura cikin jallabiya. 

"Kina shan wani magani?" in ji likitan.

Nan take ta tuna. An ɗaura aurensu a Zariya ana tsakiyar korona, ango yana Doha yana digirinsa na uku, jirage a tsaye. Shekara guda cur tana zaman jira a gidan gwaggonta Safiyyatu, ita kuwa Gwaggo ba ta yarda a kai amarya kamar sillen kara ba. Madara, zuma, man shanu, da ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe, safe da yamma. "Ke dai sha! Ya gan ki a filin jirgi ya rasa bakin magana!" Ya kuwa rasa. Ashe abin da ta sha don ta burge shi, shi ne yau ya shiga tsakaninta da ransa.

"Sati takwas," likitan ya ce. "Ki bar maganin, ki bar zaƙi da maiƙo, ki riƙa tafiya kullum, mu sake dubawa. Shi kuma ki sa masa ido. Ranar da ya fara ruɗewa, ya kasa gane mutane... ranar lokaci ya ƙure mana."

Suna isa gida a unguwar Mu'aither ta Doha ta miƙa masa ragowar ƙwayoyin.

"Habibi, zubar min da su, ko ganinsu ba na son yi."

Daga ranar ta ɗaura ɗamara. Ana cikin haka gari ya cika da baƙin gasar Kofin Duniya, tutoci da ganguna ko'ina, ita kuwa da ta idar da sallar asuba sai ta bi titi tana haɗa gumi. Ta yi sallama da shinkafa da shayin karak mai madara da sukari. Abu ɗaya Suraj ya nace a kai, shi zai riƙa dama mata kunun tsamiya safe da yamma.

"Ba sukari Khairi, tsamiya ce da citta. Bar ni in yi miki ko wannan."

Tana sha tana jin sonsa har cikin ƙashinta.

Ranar da aka sake dubawa likitan ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya girgiza kai. Kitsen yana nan daram.

Da la'asar ta shiga kicin da kumburarrun idanu. Garin jawo robar garin kunu, wata 'yar kwalba ta gangaro. Ta gane ta. Saura ƙwaya uku a ciki.

"Suraj!"

Tunda suka yi aure ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba. Ya fito yana dafa bango.

"Mene ne wannan? A kununa kake daka min?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka yi magana mana!"

"Na karanta takardar da za ki sa wa hannu, Khairi. Sun rubuta ƙarara, akwai masu bayarwa da ba sa tashi. Mamanki ta ba ni amanarki... da wane ido zan dube ta?"

"Ni kuma da wane ido zan dubi duniya babu kai? Hantata ce! Ni na ce na ba ka!"

"Khalas, magana ta ƙare, nurul ƙalbi. In ɗayanmu zai tafi, ni ne."

"Wallahi ba ka isa ba!"

Ta faɗa ƙirjinsa tana kuka, shi ma yana yi. A waje aka ɓarke da ihu, wata ƙasa ta ci ƙwallo. Sai da ta sa ya rantse ba zai ƙara ba, sannan ta kira asibiti ta roƙi ƙarin sati huɗu. Aka ba ta.

Washegari tana ɗaure igiyar takalminta ta ji motsi a kicin. Ta leƙa. Yana tsaye da kofi a hannu, ruwan sanyi ne zalla a ciki.

"Habibi, ba mun yi da kai ba?"

Ya ɗago idanunsa masu ɗorawa ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi mata murmushin da ake yi wa baƙuwa.

"Baiwar Allah, don Allah ina matata? Kununta zai huce."