Neman Gafara a Bakin Kwata

Marin da Basiru ya sauke mata sai da ta ga wuta.

Kulu ba ta yi kuka ba. Ƙara ƙanƙame taswirar da ke hannunta ta yi, ya fizge, ya yayyaga, ya watsa a murhun da Inna ke bandar kifi.

"Cadi... Sudan..." ya ce yana huci. "Ina nan da jirage ukku bisa ruwa, ki bi direba?"

"Ko ɗari gare ka, Yaya, ban son ka."

Ya sake ɗaga hannu, ta cafke ta gantsara masa cizo har ta ji gishirin jini. Da ƙyar Inna ta raba su.

Basiru ɗan baffan Kulu ne, mai jiragen fito a Yelwa, mutum ne da zuciya ke riga hankalinsa isowa. Shi kuwa Ɗahiru, wanda take so kamar ta mutu, shekara biyu ke nan yana shirin kai mutum shida aikin Hajji ta ƙasa a Landirobarsa. Daga Yelwa sai Maiduguri, a ratsa Kamaru, a shiga Cadi, a keta Sudan har bakin teku. Ya tanadi durom biyu na fetur, tayoyi huɗu, fasfo da katin allura. Kujerar gaba ya ware wa Kulu, in an ɗaura aure kafin Alhamis, ranar tashi.

Amma mahaifinta, Malam Cindo, ya ce, "Ka tahi ka dawo, sannan a yi magana." Kowa ya gane nufin tsohon. Tafiyar ƙasa tana iya cin shekara, kafin nan an kai ta ɗakin Basiru.

Ran Talata ta sami Ɗahiru a gareji, shi da abokin tuƙinsa Dogo suna ɗaure durom. Ya ga shatin yatsu a kumatunta, idonsa ya kaɗa.

"Kuluna... wa ya taɓa ki?"

"Bar wagga magana. An ce yau kake zagayen neman gahwara."

Haka al'adar take. Mai tafiya Gabas ta ƙasa bai san ko zai dawo ba, sai ya bi gida gida ya tsuguna a yafe masa.

"Saura mutum guda," ya ce.

"Don Allah kak ka je wurinai, masoyi. Kashe ka zai yi."

"In tsallake wanda ya hi kowa jin haushina? To wace gahwara na nema ke nan?"

Tsoro ya kama ta ƙwarai. Ta bi bayansa har bakin kwata, inda jiragen ruwa ke sauke buhunan shinkafa daga Shanga. A gaban jama'a Ɗahiru ya cire hula, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna.

"Basiru, tahiya zan yi. In na taɓa ɓata maka, ka yahe mani."

Filafilin tuƙa jirgi Basiru ya ɗauka, ya sauke masa a hannun dama. Ƙarar karyewar ƙashin har Kulu ta ji.

Ɗahiru ya kife, ya sake tashi a kan gwiwa.

"Ka yahe mani..."

Na biyu ya sauka daidai inda na farko ya samu.

Na uku kansa aka nufa. Kulu ta faɗa a kansa, katakon ya tsaga mata goshi, jini ya rufe mata ido. Sai a sannan maza suka farga suka danne Basiru.

Malam Cindo ya ratso taron. Ya dubi 'yarsa cikin jini, ya dubi wanda har yanzu ke tsugune.

"Jinina ya bugi mai neman gahwara, shina durƙushe gabanai," ya ce. "Wagga kunya ba a taɓa yin ta ba ga gidanmu. Tashi, ɗana. Na ba ka Kulu, jama'a ku shaida."

A zauren maɗori aka ɗaura auren ran Laraba. Maɗorin ya faɗa musu gaskiya, ƙashin gwiwar hannun ya dagargaje, hannun nan ya gama riƙe sitiyari.

Ran Alhamis da hantsi Landirobar ta tashi, Dogo ke tuƙi. Da ya zo daidai ƙofar gidan ya danna ham sau uku. Ɗahiru ya juyar da fuska ga bango, kafaɗunsa na girgiza.

Kulu ta zauna a gefensa da ƙyalle ɗaure a goshi. Daɗi take ji ya zama nata, kuma kunyar wannan daɗin ta kusa kashe ta.

"Don ni ka rasa hannu, ka rasa hanya," ta ce a hankali. "Ka yahe mani."

Ya laluba da hannun hagu ya riƙe nata, sai da ƙarar motar ta ɓace ya iya magana.

"Na yahe, Kuluna. Ɗebo mani ruwa... ke za ki ba ni a baki."